Allurar Baba: Daga Zariya Zuwa Rafin Guza

Tashi daga Zariya

Ban yi shirin zuwa ko'ina ba a wancan makon. Damina ta yi nisa, makarantar da nake koyarwa tana hutu, ina zaune ni kaɗai a ɗakuna biyun da muke haya a Tudun Wada, ina sake karanta littattafan soyayyar da na kusa haddacewa. Maigidana yana aiki a Fatakwal, sai sallah-sallah nake ganinsa, Allah kuma bai ba mu haihuwa ba tukuna. Wanda ya rage mini a kusa shi ne mahaifina, Malam Ilyasu, tsohon masinja a wata ma'aikatar gwamnati. Yana zaune a Rafin Guza cikin Kaduna, a gidan da mahaifiyata ta rasu ta bar shi. Na yi magiya har na gaji ya dawo wurina, kullum amsarsa ɗaya, shi ba zai zauna gidan suruki ba.

Kafin kiran sallar asuba waya ta tashe ni. Inna Lami ce, maƙwabciyarsa mai ƙosai. Ta ce kogi ya shigo unguwa, ruwa ya kai taga, kowa ya watse. Ta hango an sa Baba a kwalekwale, daga nan ba ta sake ganinsa ba. Na kira lambarsa, a kashe.

Baba yana da ciwon suga, allura yake yi safe da yamma. Ni nake saya masa a Zariya duk wata in ba direba ya kai masa. Da yake wuta ba ta zama, a cikin tulu yake ajiye ta, cikin jiƙaƙƙen yashi, a ƙarƙashin gado. Ina jin an ce ruwa ya kai taga na san tulun ya tafi. Ta sabon wata kuwa tana wurina, a firjin matar mai gidan da muke haya. Na buga mata ƙofa, ta fito da ita, ta fasa mini ƙanƙara na cika fulas ɗin shayi, na cusa kwalaben a tsakiya.

Na kira maigidana neman izini. Ya ɗauka cikin barci, ya ce Allah ya tsare, in kira shi in na isa. A littattafan da na saba karantawa, a irin wannan lokacin ne miji yake cewa ga shi nan tafe ko da a ƙafa ne. Na ɗan jima da wayar a kunnena bayan ya kashe. Kafin in fita na share ɗaya ɗakin, na shimfiɗa sabon zanen gado, na ajiye buta da darduma a gefe. A raina na ce wannan karon Baba ba shi da gidan da zai ce ba zai bari ba.

Jaji da Katabu

Na yi sallah a tashar Kwangila, na samu ƙaramar mota saura mutum ɗaya. Muka kama hanya gari bai gama wayewa ba, yayyafi yana sauka a gilashi kamar ba shi ne ya yi ɓarnar ba. Kowa a motar yana da wanda zai yi magana da shi a waya. Ni fulas ɗin na rungume, in mota ta faɗa rami in ji ƙanƙara ta yi ƙara a ciki, hankalina ya ɗan kwanta.

A shingen Jaji soja ya leƙo, ya ga fulas, ya ce Hajiya ba za a ɗan tsiyaya wa na bakin aiki ba? Na ce magani ne na tsoho. Ya janye kansa ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ɗaga mana hannu.

A Katabu muka wuce wata babbar mota a gefen titi, an lulluɓe kayanta da tamfol, direbanta yana zaune kan benci yana shan shayi. Direbanmu ya nuna ta da baki ya ce kayan agaji ne daga gwamnatin tarayya. Wani fasinja ya tambaya me ya tsayar da ita a nan alhali mutane na can cikin ruwa. Direba ya ce kayan na tarayya ne, amma mutanen na jiha ne, sai an zauna an daidaita wa zai buɗe, wa zai raba. Na juya ina kallon motar har ta ɓace. Ban san zan sake haɗuwa da zancenta ba.

Kawo

Hantsi bai ɗaga sosai ba muka shiga tashar Kawo. Ta cika da mutane masu ɗauke da jiƙaƙƙun katifu da tukwane. Mai keken da ya yarda ya kai ni Rafin Guza ya ninka kuɗin, ban ja ba. A hanya ne ya koya mini abin da ya yi mini amfani duk ranar: in dubi launin riga kafin in yi tambaya. Masu riga ruwan goro na jiha ne, su ke da sansani. Masu shuɗiya na tarayya ne, su ke da kaya. Masu ja su ke da marasa lafiya. 'Yan kwana-kwana da masu kwalekwale su ke da ruwa. Abinci kuwa da wurin kwana, 'yan agajin masallaci da matan zumunta na coci ne suka ɗauka. Ya ce in na tambayi mai ja zancen ruwan goro, sai dai ya nuna mini hanya da yatsa.

Bakin igiya

Inda kwalta ta ƙare aka ɗaura igiya daga turken wuta zuwa wata bishiyar darbejiya. Bayan igiyar babu unguwar da na sani. Ruwa ne launin kunun kanwa, shimfiɗe, yana tafiya a hankali, rufin kwano na leƙowa nan da can. Na hango kan mangwaron gidanmu, wanda mahaifiyata ta dasa shekarar da aka haife ni. Na tsaya ina kallonsa kamar zai gane ni.

Wani ɗan kwana-kwana, idanunsa ja don rashin barci, ya tare ni kada in ƙetare. Na kwatanta masa Baba: dattijo dogo, siriri, farin gemu, da hula ƙube mai ruwan toka. Na nanata zancen hular, domin ko ni 'yarsa ban cika ganin tsakiyar kansa ba. Ya ce tsofaffin da suka fitar ba su da iyaka, kuma aikinsu daga igiya zuwa ciki ne. Duk wanda suka sauke a bakin igiya ya fita hannunsu.

Ya haɗa ni da wani ɗan agajin masallaci da ke tsaye wajen. Shi ya bayyana mini cewa tun farkon ruwan shugabanni suka yarda a kasa mutane gida biyu, saboda ibada da abinci da kwanciyar hankalin kowa. Musulmi a kai su makarantar firamare da wata Islamiyya, Kiristoci a kai su zauren wani coci da ke kan tudu. Motoci biyu ne suka yi ta jigila. Ya ce tunda mahaifina mai hula ne, in nufi firamare kai tsaye.

Makarantar firamare

Na taka da ƙafa, ba nisa. An ware ajujuwan gaba ga maza, na baya ga mata da yara. Ba zan iya shiga na maza ba, sai na tsaya a baranda, wani mai riga ruwan goro ya ɗauki lasifika ya bi aji-aji yana kiran Malam Ilyasu masinja. Mutum biyu suka amsa sunan Ilyasu, babu nawa a ciki.

A ɓangaren mata na samu Inna Lami zaune kan buhun da ta tsira da shi. Ta riƙe ni muka yi kuka kaɗan. Ta ce duhu ne, ga ruwan sama, iyakar abin da ta gani ke nan, an ja shi cikin kwalekwale. Ta gutsura mini burodin da aka raba musu, na karɓa don kada ta ji babu daɗi.

Na je Islamiyyar, babu shi. Na je rumfar masu jar riga inda ake duba marasa lafiya, na bi gadajen ɗaya bayan ɗaya da ido. Wata ma'aikaciyar jinya a cikinsu, Sista Hauwa, ta saurare ni da kyau, ta tambayi yaushe rabonsa da allura. Na ce a sanina tun jiya da yamma. Daga baya ta ce su waɗanda aka kawo musu kawai suke gani, ba su da ikon shiga sansanin wani su bincika. Ta sassauta murya ta ce akwai kuma wani wurin da ake dubawa in an rasa mutum ko'ina, amma wannan yana hannun 'yan sanda, kuma kada in yi gaggawar zuwa can.

Na koma firamare na zauna a ƙarshen baranda, bayana jingine da bango. Na girgiza fulas. Da safe ƙarar duwatsu take yi, yanzu sai motsin ruwa da ɗan ƙwas-ƙwas a ciki. Babu wuta a yankin gaba ɗaya, ba inda zan samu wata ƙanƙarar. Na kira maigidana, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Fili cike da mutane, kowa da nasa, mace na yi wa mijinta faɗan ya bar akuya, yara na rigima kan bargo, ni har faɗan nasu sha'awa yake ba ni. Na sha karanta yadda baƙo yake ɓullowa ya tsaya a gaban mace mai kuka ya ce share hawayenki, zan nemo miki shi. Na ɗaga kai sau da yawa. Kowa wucewa yake da bokiti ko tabarma.

Taron bayan azahar

Bayan sallar azahar aka jera kujerun roba a ƙarƙashin wata rumfa, kusa da inda nake zaune. Ashe nan shugabannin ƙungiyoyin suke haɗuwa. Ban tashi ba, ba wanda ya kore ni.

Jami'in jiha, mai riga ruwan goro, shi ya zauna a tsakiya. Na tarayya ya zauna kusa da shi yana kaɗa makullai a yatsa. Ga mai unguwa, ga shugaban 'yan kwana-kwana, ga Sista Hauwa. Sai Malam Sani shugaban 'yan agajin masallaci, da wata dattijuwa mai ƙiba da ɗaurin ɗankwali, wadda na ji suna kira Mama Saratu, shugabar matan zumunta.

Zancen motar Katabu suka fara. Na tarayya ya ce shi za a tambaya in buhu ya ɓata, don haka yaransa za su raba. Na jiha ya ce sansani nasa ne, ba mai raba ko allura a ciki sai da saninsa. Mai unguwa ya bar su suka gaji, sannan ya ce su biyun duka ba wanda zai iya bambanta ɗan Rafin Guza da wanda ya shigo daga tasha da jiƙaƙƙen wando. Aka yi dariya, aka sauko. Suka tsaya a kan za a shigo da motar, a kwance tamfol a gaban su biyun, mai unguwa ya tsaya yana duban fuskoki, ɗanyen abinci kuma a miƙa wa masallaci da coci su dafa.

Daga nan kowa ya faɗi abin da yake buƙata. Rabin hankalina yana wurin, rabi yana kan fulas. Mama Saratu ce ta ƙarshe. Ta ce suna son barguna da sabulu, sannan in Malam Sani zai taimaka, a ba ta buta ɗaya da darduma.

Malam Sani ya juyo yana murmushi. "Mama, buta kuma? A coci?"

"Wani tsoho ne a wurinmu. Tun da gari ya waye yake tambayar ina ne gabas. Na ba shi kofin roba ya yi alwala, ya ce ya gode, amma kofi ba buta ba ne. Shayi ma ya ƙi sha, wai mun zuba suga."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na manta da sallama, na manta taron manya ne.

"Mama, yana da hula?"

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan fulas ɗin. "Babu hula, 'yata. Kai fes kamar ƙoƙo. Amma dogo ne, da farin gemu, kuma ba ya rabuwa da wani gurgun tsoho da yake kira Direba."

Baba Yohanna ke nan, maƙwabcin Baba ta katanga, mutumin kudancin Kaduna, tsohon direba a ma'aikatar da Baba ya yi aiki. Ɓarin jikinsa ya shanye tun bara, 'ya'yansa duk suna nesa.

Malam Sani ya dafe kai ya faɗa wa taron yadda aka yi. A bakin igiya, cikin duhu da ruwan sama, ba wanda ya samu sararin tambayar mutum addininsa, ga shi kuma tambayar tana da nauyi a baki a garin nan. Sai yaran suka koma duban kai. Mai hula ko hijabi, wannan motar. Wanda kansa yake a buɗe, waccan.

Nan take sabuwar gardama ta tashi, a kan mahaifina. Malam Sani ya ce nasu ne, a dawo musu da shi yanzu. Na jiha ya ce ba a ɗauke mutum daga sansani zuwa sansani sai da izininsa. Sista Hauwa ta ce mai ciwon suga da ya wuce allurarsa nasu ne kafin na kowa, in sun gama gardamar su same ta a can. Ta kama hannuna ta nufi motarsu. Mama Saratu ta biyo mu tana cewa su dai je su ji daga bakin tsohon, ita ta riga ta ji. Malam Sani ya shigo a ƙarshe, da buta da darduma a hannu.

Zauren coci

An ture bencina jikin bango, an shimfiɗa tabarmi a tsakiya. Can lungu na hango shi zaune, kansa a buɗe, yana yi wa Baba Yohanna fifita da guntun kwali. Leɓɓansa sun bushe, idanunsa sun faɗa, ga robar ruwa kusa da shi ya kusa shanyewa. Na durƙusa a gabansa.

Ya ɗago ya dube ni. "Uwata," ya ce, domin sunan mahaifiyarsa gare ni, "ke kaɗai kika zo?"

Na ce ni kaɗai.

Sista Hauwa ta soki yatsarsa ta auna, ta ɓata fuska, ta miƙo hannu. Na buɗe fulas. Ƙanƙarar da ta rage ba ta fi ƙwallon dabino ba, amma ruwan da sanyinsa. Ta taɓa kwalba a kumatunta ta ce ba ta lalace ba. Na juya baya har ta gama yi masa.

Da ya ɗan dawo hayyacinsa Baba ya ba mu labari. Da ruwa ya shigo, ya tsallaka ta katanga ya goyo Baba Yohanna. Wajen ɗaga shi cikin kwalekwale hular ta faɗa ruwa, yana kallo ta tafi.

Baba Yohanna ya yi magana da gefen bakinsa mai motsi. "Shekara da shekaru ina ɗaukar Masinja a motar ofis kyauta. Jiya dai ya rama."

"Da na san nauyinka ya kai haka, Direba, da hulata na ceta."

Malam Sani ya ajiye buta da darduma, ya ba Baba haƙuri, ya ce mota tana waje za a mayar da shi cikin 'yan'uwa. Ni kuma na matsa na ce ba sai an kai shi firamare ba, Zariya za mu tafi. Na faɗa masa na share ɗaki, na shimfiɗa gado, har buta na ajiye. Na ce in Baba Yohanna ne, mu tafi da shi, ɗakin zai ɗauke su. Baba Yohanna ya girgiza kai, ya ce ɗansa yana hanya, nan zai neme shi, sai dai bai san ranar isowarsa ba.

Baba ya ci gaba da fifitarsa. "Mata ne suka fi yawa a nan, Uwata. In na tafi, wa zai juya shi? Wa zai kai shi bayan gida?"

Jami'in jiha ya iso ana cikin haka, suka tsaya su huɗu a bakin ƙofa suka raba Baba a tsakaninsu. Zai zauna a hannun coci da sanin jiha. Masu jar riga za su ajiye allurar a akwatin sanyinsu su riƙa zuwa safe da yamma. Mama Saratu za ta riƙa ware masa abinci marar suga. Malam Sani zai turo a kai shi masallaci ranar Juma'a a dawo da shi. Ina tsaye ina ji, ba abin da aka bar mini.

Da la'asar na hau keke na koma Kawo na sayo masa hula, mafi kama da tasa da na samu. Ya karɓa, ya jujjuya ta, ya yaba ɗinkin, ya sa mini albarka. Sai ya ninke ta ya cusa a aljihu.

"Bari sai ɗan Direba ya zo," ya ce. "In na sa yanzu, wani yaron zai gan ni ya mayar da ni waccan motar."

Na kwana a gefen mata, kan tabarmar Mama Saratu, ta lulluɓe ni da zanenta.

Komawa gida

Washegari na jira Sista Hauwa ta zo ta yi masa ta safe a gabana, sannan na yi musu sallama. Baba ya rako ni bakin ƙofa kawai, ya koma da sauri don Baba Yohanna yana kira. A Kawo na samu mota ba jira. Da muka zo Katabu na duba gefen titi, babbar motar ba ta nan, sai sawun tayoyinta a cikin laka da mai shayi yana wanke kofuna. Fulas ɗin babu komai a ciki, amma har Zariya a cinyata na riƙe shi.

Na isa gida kafin azahar. Maigidana ya kira ina buɗe ƙofa, ya ce jiya aiki ya riƙe shi, ya yi hamdala da na ce an ga Baba. Na leƙa ɗaya ɗakin. Gado yana nan a shimfiɗe, buta da darduma a inda na ajiye su. Na tsaya a bakin ƙofar na ɗan lokaci, sannan na ja labule ban taɓa komai ba.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma nuna mini Baba da rai. Ina godiya ga masu kwalekwalen da ban ga fuskarsu ba, da Inna Lami, da Sista Hauwa, da Malam Sani, da Mama Saratu wadda ta nemi buta a gaban taro ba ta ji kunya ba. Allah ya saka musu, ya mayar wa mutanen Rafin Guza abin da ruwa ya ci. Na wanke fulas na kife shi, na kai wa matar mai gidanmu robar ruwa ta sa mini a firji ta yi ƙanƙara, don ranar Juma'a zan koma in kai wa masu jar riga, in ga ko ya sa hular.